Baƙin Yashin Keziya

Tun da Keziya ta rasu, Malam Irmiya ya daina karin kumallo. Bai yi rantsuwa ba, bai kuma yi fushi da kowa ba. A kawo masa koko da ƙosai, ya ce an gode, ya ɗora faifai a kan kwanon, ya zauna gindin itacen bedin tsakar gidansa na Tibiri har rana ta ɗaga, kaji su yi ta kewaya abincin. 'Yarsa Hadassa, malamar makaranta a unguwar Zariya cikin Maraɗi, ita ta fara lura da cewa wandonsa ya soma yi masa yawa.

Ta san dalili sarai. Irmiya ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota, yana kai albasa Abijan. Can ya koyi shan gahawa, wadda shi yake ce wa kafe, kuma duk dawowa sai ya zo da ɗanyarta a ɗan buhu. Keziya ke soyawa, ta daka a turmi, ta dafa masa. Ya bar tuƙi da daɗewa, amma bai taɓa sa wani abu a baki da safe ba sai ya kurɓi wannan baƙin ruwan. Yanzu mai dafawa ta tafi, maƙogwaron tsoho kuma ya rufe.

Likita ya ce yana da gyambon ciki, kuma maganin ba a shan sa ciki fayau. Da Hadassa ta yi masa bayanin gahawa, sai ya ce in dai ita ke buɗe masa baki, a ba shi kaɗan, amma a nemi marar tsami, wadda aka soya ta yi baƙi sosai. Abin da ba za a yarda da shi ba, in ji shi, shi ne mutum mai shekarun nan ya ci gaba da wuni da yunwa.

Wan Hadassa, Titus, da ke Yamai ya aiko da gahawa a leda mai ƙyalli. Titus mutum ne da in ya sayi abu sai ya karanta maka tarihinsa, don haka ya kira ta a waya ya yi ta zuba. Wai ta kan duwatsun Habasha ce, lamba ɗaya, an tsince ta da hannu, ƙwayoyin duk girmansu ɗaya, an soya ta har tana naso. Hadassa ta dafa yadda ya ce. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, ya ce, "Allah shi yi wa Titus albarka." Ya ajiye kofin kusa da ƙafarsa, a nan ya huce.

Sai ta ce a ranta, tunda wadda aka soyo daga waje ba ta yi ba, bari ta soya da kanta. Ta hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwar Maraɗi, wurin Alhaji Maman Lawali, wanda babanta ke sayen ɗanyar gahawa hannunsa tun bayan da ya bar tuƙi. Alhajin ya yi mata ta'aziyya, sannan ya zuba mata iri uku a kan faifai.

"Wagga wankakkiya ce, Malama," ya ce, yana nuna wata mai haske-haske. "An ɓare ta tun tana ɗanya, an wanke. Tsaf take, amma tana da ɗan tsami irin na lemu. Wagga ko an shanya ta da ɓawonta a rana har ta bushe. Ta fi nauyi a baki, tsaminta kaɗan ne. Wagga ta ukun, kin gani, fasassu ne da baƙaƙe, tsintar ƙasa. Ba ni ba ki ita."

"Wacce Baba ke saye?"

"Ta tsakiyar, shanyar rana, ta Abijan. Bai taɓa canzawa ba."

Ya koya mata suya kamar mai koya wa amarya girki. Ta nemi kaskon ƙarfe mai tsabta, ta yi ta juyawa kada hannu ya tsaya. Za ta ji ƙwayoyin sun fashe sau ɗaya, wannan tsamin yana nan. Ta ci gaba har ta ji sun soma ƙas-ƙas a hankali, mai ya fito musu a jiki, to nan ta sauke. In ta wuce nan, in ji shi, gawayi ta yi.

Ranar Asabar ta tafi Tibiri da sabon kasko. Ta bi maganar Alhaji tiryan-tiryan, kuma gaskiya suyar ta yi kyau. Ƙwayoyin suka fito baƙaƙe wuluk suna sheƙi, ƙamshi har gidan maƙwabta. Ta daka, ta dafa, ta kai masa. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ƙara, ya gyaɗa kai.

"Kin iya, ɗiyata," ya ce. "Wannan ai ta manyan otal ce."

Ya ajiye kofin. Kokon yana nan a rufe.

Hadassa ta koma ɗakin girki ta zauna kan kujerar uwarta, ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba tun ranar jana'iza. Ta girma a gidan nan, hayaƙin gahawar nan ya tashe ta daga barci ba adadi, amma ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda ake yi ba. Kullum tana saurin makaranta, tana toshe hanci, tana cewa hayaƙin zai kama mata riga. Yanzu da za ta sami wannan hayaƙin, da ta bar shi ya kama duk kayan da ta mallaka. Tana kewar uwarta, kuma tana tsoron kada uban ya bi bayanta.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya sani. Inna Balkisu ta Jiratawa, mai ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa, aminiyar Keziya tun suna 'yan mata. Ɗaya Musulma, ɗaya Kirista, amma ba a taɓa yin salla ko Kirsimeti kwanon ɗaya bai shiga gidan ɗaya ba. Washegari bayan an tashi daga majami'a, Hadassa ta kama hanya. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi, ruwa na gudu a magudanan fadamar Jiratawa tsakanin zogale da tattasai.

Ta tarar da tsohuwar a gaban murhu, tana juya gyaɗa cikin yashi mai zafi a wani tsohon kasko. Bayan gaisuwa da 'yar ƙwalla, Hadassa ta kwashe labari duka ta gaya mata, har da fashewar farko da ta biyu da man da ke fitowa. Inna Balkisu ta saurara, sai ta fashe da dariya har tana share ido da bakin zane.

"Wa ya hwaɗa maki uwarki ta iya suyar abin nan? Ba ta iya ba, Allah shi jiƙanta. Tana amarya ubanki ya kawo mata shi, ya tahi wurin mota bai ce mata komi ba. Ta zo nan da gudu tana tambayata mi za ta yi da shi. Ni ma ina na sani? Na duba, na ce ai kamar gyaɗa ne, ki sa shi a yashi. Ta zuba cikin yashin gyaɗarta, muna hira, har ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi. Ta kai mashi, shi ko ango, ya shanye tas. Shi ke nan, haka ta yi ta yi har ƙarshen ranta."

"Yashi, Inna?"

"Yashin suya. Wanda ya sha man gyaɗa da hayaƙi shekara da shekaru. Yana nan cikin wata 'yar tukunya bayan murhunta."

Hadassa ta tuna tukunyar. Bayan an watse daga zaman makoki, da take gyaran ɗakin girki, ta ɗauke ta, ta ga wani baƙin abu mai maiƙo, ta ɗauka tsohuwar toka ce. Da hannunta ta kai shi juji ta zubar, ta wanke tukunyar fes. Ruwan sama ya daɗe da tafiya da shi.

Ta faɗa wa Inna Balkisu haka, kanta a ƙasa. Tsohuwar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ci gaba da juya gyaɗarta, har ta sauke, ta zuba a rariya ta tankaɗe, baƙin yashin ya zubo cikin kwano.

"Sabon yashin gulbi ba shi yi maki," ta ce. "Sai ya daɗe yana shan wuta. Amma kin ga wanga? Na uwata ne. Ranar da aka kai Keziya ɗaki ba ni da abin ba ta, sai na raba shi biyu na ba ta rabi. In ya rage mukan ƙara daga gulbi, amma tushen guda ne." Ta ɗauko wani ƙaramin kwano, ta cika shi, ta ɗaure da tsumma. "Ungo. Kuma in kin kai inda Alhajin nan ya ce ki sauke, kada ki sauke. Uwarki a nan take soma hira."

Hadassa ta kwana Tibiri. Da gari ya waye, kafin tsohon ya fito daga ɗaki, ta hura wuta, ta ɗauko tsohon kaskon uwarta, ta juye yashin ya yi zafi, ta zuba gahawar. Ta ji fashewar farko cikin yashi, can ƙasa-ƙasa. Ta ji ƙas-ƙas ɗin na biyu. Hannunta ya kai ga tsumman sauke kasko da kansa, ta janye shi. Ta ci gaba da juyawa tana kallon suyar kirki tana lalacewa a gabanta. Sheƙin ya dushe, hayaƙi ya yi kauri, warin ƙuna ya haɗu da na tsohuwar gyaɗa ya fita ta ƙofa ya bazu a tsakar gida. Shi ne. Shi ne warin da ta yi ta gudu tana yarinya, sai ga shi ya cika mata ido da ruwa.

Daga cikin ɗaki ta ji muryar babanta, da ƙarfin da ta daɗe ba ta ji ba.

"Ke, kin ƙona shi kuma."

Haka yake faɗa kowace safiya, uwar kuma ta amsa daga bakin murhu da cewa in ya iya ya zo ya yi. Hadassa ta manta da wannan sai yanzu. Ta tsaya riƙe da ludayi, ba ta amsa ba, shi ma bai ƙara ba. Can ta ji takunsa, ya fito a hankali ya zauna gindin bedi, bai dubi ɗakin girki ba.

Ta tankaɗe yashin, ta daka ƙwayoyin, ta dafa, ta kai masa. Ya riƙe kofin ya daɗe yana shaƙar tururin. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska don ɗaci, hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa bai share ba.

"Ya ƙone," ya ce.

"In sake wani, Baba?"

"A'a. Haka take yi."

Ya shanye har ƙasan kofin. Sannan ya miƙa hannu ya ɗage faifan da ke kan kwanon koko, ya tambaye ta ko akwai sauran ƙosai.

Ta kawo masa, ta koma ɗakin girki. Yashin ya huce. Ta ɗauko 'yar tukunyar nan da ta wanke fes, ta juye shi ciki a hankali, ta bi bakin murhu tana tattara abin da ya zube da gefen hannunta, ta mayar da tukunyar inda take a da.