Gwiwar Chaibou

Duk faɗin duniyar Allah, tsuntsuwar nan mai dogayen ƙafafu ta rasa inda za ta yi ƙwai sai ramin da Chaibou yake haƙar ƙasar bulo, a bakin ƙoramar Telwa. Damina ta cika ramin, tudu ɗaya ya rage a tsakiya, nan ta baje.

Ramata, ma'aikaciyar gandun daji, ta zo ta leƙa, har da dafe ƙirji.

"Baba, irin ta sun kusa ƙarewa a duniya. In ruwa ya janye, karnuka su taka su cinye ƙwan. In ya ƙaru, ya shanye su. A bar shi yadda yake yau."

"Yaya yake yau?"

Ba ta zo da abin awo ba. Sai ta sa shi ya naɗe wando ya shiga, ruwa ya tsaya daidai gwiwarsa. Shi ke nan, gwiwar Chaibou ta zama ta hukuma.

Da farko tsaki yake yi. Amma kafin a ce me, dattijon ya kamu. Rana ta sha ruwa, ya ɗora tano, gangar ruwa, bisa amalanken jaki ya ƙaro. Hadari ya zubo, ya kwashe da ƙwarya. A Agadas fa, inda kowa ke roƙon ruwa, shi kaɗai ke cewa Allah ya kawo, amma a hankali. Matarsa Habsa ta ce ko ranar ɗaurin aurensu bai yi wannan rawar jiki ba. Son ƙwan nan yake yi, ba ya ma ɓoyewa.

Sai masassara ta kayar da shi. Ya kira ƙanensa Nomau, ya ce ya riƙe masa ruwan daidai gwiwa.

To, Nomau dogo ne, irin wanda ke duƙawa a ƙofar masallaci, kuma ba ya wasa da amana. Ya shiga, ya ga ruwa a ƙwauri, ya ce lallai an yi sakaci. Yini guda yana jigilar ruwa.

Da Chaibou ya rarrafo, babu tudu. Tsuntsuwar na tsaye cikin ruwa, inda sheƙarta take.

Bai zagi kowa ba. Ya yi ta kwasa, da masassarar a jikinsa, har tudun ya fito, laka zalla. Tsuntsuwar ta hau, ta gyara fukafukai, ta kwanta bisa babu.

Wani kare ya doso. Chaibou ya duƙa ya ɗauki dutse.