Ɗigon da Ke Tafe a Hanyar Shinkafi

Koren ɗigon ya motsa a kan taswira, Ummusalma ta matso da fuskarta kusa da allon laftof.

"Oga Williams! Zo ka gani, don Allah zo!"

Williams ya ajiye wayar da yake gyarawa ya zagayo bayan kanta. Shagonsa ne, a bakin kasuwar hatsi ta Kaura Namoda, kuma nan Ummusalma ke zama da laftof ɗinta saboda wutar sola. Su biyun suna cikin masu kula da Zauren Kod, dandalin intanet inda matasa masu rubuta manhaja ke tambayar juna da nuna aikinsu.

"Mi ya faru, Malama Ummu? Kin ga aljani?"

"Yaya Zaharaddeen ne. Ga shi nan ya fito Shinkafi, ya kamo hanyar Kaura."

"To ai gida zai zo."

"Ni ban sani ba, Oga. Ko Inna bai gaya wa ba. Amma ga shi duk duniya na kallonsa."

Dariyar Williams ta ɗauke. A Kaura aka haife shi, ya san ƙa'idar hanya kamar kowa: ba ka faɗin ranar tafiya. Ka yi sallah, ka ɗauki jaka kamar mai zuwa bayan gari, sai ka sauka lafiya ka kira gida. Infoma ba su da alama a goshi, kuma 'yan bindiga ba su tare hanya da ka, sai an ba su labari.

Taswirar kuwa aikin Ummusalma ce. Mambobin Kano da Abuja da Legas ne suka cika shafin ra'ayoyi da roƙo, suna son ganin wanda ke kusa da su don a haɗu a sha shayi a yi kod. Shafin yana jera ra'ayi ne bisa yawan ƙuri'a, wanda aka fi so ya hau sama, wanda aka ƙi ya nutse. Ta bi na sama ta gina, kowane mamba ya zama koren ɗigo a inda wayarsa take. Aka yi ta yabonta har kanta ya yi girma.

Abin da ya sa ta buɗe taswirar yau daban ne. Wata mata ce ta kira ta daga Zurmi tana kuka, ta ce ita ce Hindu matar Sha'aibu, wani mamban dandalin, mijinta ya fita tun makon jiya bai dawo ba, ko 'yan dandalinsu sun ji ɗuriyarsa? Ummusalma ta nemo ɗigon Sha'aibu. Yana nan tsaye cik a tsakiyar daji, inda babu gari babu ruga.

"Gangara ƙasa," in ji Williams, muryarsa ta yi sanyi. "Shafin ra'ayoyi. Na tuna ya taɓa rubuta wani abu."

Ta yi ta gangarawa, ta wuce masu son a mai da bangon shafin baƙi da masu ƙorafin girman rubutu. Can ƙarshe, an dusashe shi saboda yawan masu ƙi, ga na Sha'aibu: "Don girman Allah ku cire taswirar nan. Ku da ke birni ba ku san hanyarmu ba. Kun kuma liƙa mana tambarin masu aiki da kamfanin waje, kamar an shafa wa rago fenti." A ƙarƙashi wani ya amsa masa da fuskar dariya: "Malam, in kana tsoron fasaha koma gona."

Ita kanta ta ga saƙon a lokacin. Ta wuce shi.

Ta koma saman shafin. Ra'ayin da ya fi kowanne ƙuri'a a watan jiya na wani ne mai suna Mai Koyo, ba hoto, bai taɓa tambayar komai kan kod ba. "Taswira ta yi kyau, amma tana makara. A sa ta riƙa nuna mutum yana tafiya nan take." Ita ce ta gyara masa da hannunta, har ta rubuta masa godiya.

Ta shiga ɓangaren masu kula ta duba abin da Mai Koyo ke buɗewa. Masu tambarin kamfanin waje kaɗai yake bi, waɗanda ake ganin suna da kuɗi. Makon jiya Sha'aibu. Yanzu haka, a wannan daƙiƙar, shafin Zaharaddeen ne a buɗe gabansa, shi ma mai tambarin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta kira yayanta. Wayar ta yi ta ringi har ta tsinke. Ta sake, ta sake.

"Ba zai ɗauka ba," in ji Williams. "Kin san shi. Babbar waya ba ta hawa hanya a aljihu. Ya kashe mata murya ya tura ta cikin buhun albasa a bayan mota, don kar a tare su a gan shi da ita."

Wayar da ya ɓoye don ta tsare shi, ita ce ke nuna shi daga cikin buhu.

"Kashe taswirar baki ɗaya," Williams ya ce, ya jawo kujera. "Rubuta, in sa hannu." Dokar dandalin ce, gyara ba ya shiga sai mai kula na biyu ya amince.

Ta ɗora yatsu kan madannai, sai ta tsaya.

"A'a. Sun riga sun ga ya taso. In ta mutu yanzu, za su zauna a kwanar nan ta bakin gulbi su jira duk motar da ta zo. Kuma ɗigon Sha'aibu zai ɓace, shi kaɗai ya rage wa matarsa."

"To mi za ki yi, ɗiyar mutane?"

"Zan mai da shi Shinkafi."

Ya dube ta, ya gane. Ta fara rubutu kamar ana bin ta da bulala. A waje masu keke napep na ta hon, wani dillali na rantsuwa kan buhun gero, ita ko ɗago kai ba ta yi ba. Ɗigon na ci gaba da gangarowa. Ta umarci dandalin ya daina karɓar wurin wayar yayanta, ya ɗauki hanyar da ya biyo ya juya ta, ɗigon ya koma baya da saurin mota, kamar direba ya ji ƙishin-ƙishin ya yi kwana.

Ta tura. Jan rubutu ya fito, kuskure.

"Wayyo Allah!"

"Kin buɗe alamar baka ba ki rufe ba, layin ƙasa. Natsu, Malama Ummu, natsu."

Ta rufe bakan ta sake turawa. Williams ya danna amincewa a wayarsa, sabis ya tsaya yana juyi. Ya fita da gudu tsakiyar rana, ya ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa, yana kiran sunan Yesu a hankali. Ummusalma na karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ɗigon ya kusa kwanar.

Sai ya tsaya. Ya ɗan yi jim, ya juya ya nufi Shinkafi.

Daga nan ba abin da ya rage sai jira, kuma jiran ya fi komai ciwo, domin yanzu ita ma ba ta san inda yayanta yake ba. Ta kalli ɗigon ƙarya yana komawa har ya shige gari. Mai Koyo na nan bai rufe shafin ba. Aka kira la'asar, ta kasa tashi. Williams ya kawo mata ruwan leda, ya ɗumame a hannunta ba ta sha ba.

Wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Ummu? Ni ne, da wayar direba. Muna tasha, mun sauka."

Kuka ya ƙwace mata. "Yaya! Yaya, lafiya kuke?"

"Lafiya lau. Amma wallahi mun ga abin tsoro. Wajen gulbi mun hango ƙurar babura suna shiga daji, kamar yanzu suka tashi daga bakin hanya. Direba bai ƙara numfashi ba sai Kaura. Ke kuma mi ya sa kike kuka, kamar kin san na taho?"

"Saurara, Yaya. Kar ka taɓa wayar nan, bar ta cikin buhu. Ka wuce gida, ga ni nan."

Ta ajiye wayar tana share hawaye da gefen hijabi. Williams ya zube kan benci yana dariyar da ba ta da daɗi. Sai idonta ya koma kan allon. Ɗigon yayanta kaɗai ta taɓa. Taswirar na nan a kunne, ga nata ɗigon kore shar a bakin kasuwar hatsi, ga kuma sanarwar da dandalin ke fitarwa da kansa duk lokacin da aka yi gyara: Ummusalma ta sabunta taswira.

Ta duba Mai Koyo. Ya bar shafin Zaharaddeen. Nata ne a buɗe.

Babur ya tsaya a ƙofar shagon, ba a kashe injin ba. Wani mutum ya sauko, shaddarsa fara ƙal, takalminsa kuwa duk jan laka. Ya yi sallama cikin ladabi, ya dubi wayar hannunsa, ya dubi cikin shagon, ya yi murmushi.

"Sannunku da aiki. Ke ce Malama Ummusalma ta Zauren Kod? Taswirarku ta fara yi mana ƙarya yau. Na ce bari in kawo ƙorafina da kaina."