Kujerar Mai Riƙon Jarka

"Ba zan riƙe ba, Malam."

Malam Jalaluddeen, shugaban tawagarmu mai zuwa ƙauyuka duba masu juna biyu, ya tsaya ƙafa ɗaya cikin mota ɗaya a ƙasa. Ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ni.

"Mi kika ce, Muhsina?"

"Na ce ban yi shekara huɗu ina karatun injiniya don in zama igiya ba."

Wata huɗu na yi a siton ƙungiyar agajin da muke wa aiki a Kaura Namoda ina jera kwalayen auduga da safar hannu, kullum ina roƙon a tafi da ni ƙauye. Ranar nan aka ce in shiga. Sai da na zagaya bayan jif ɗin na ga wurin da aka ba ni: wata 'yar kujera mai naɗewa, kewaye da jarkoki shida cike da ruwan wanke hannu da na dafa kayan aiki. Ashe dokar tawagar ce tun kafin in zo, duk wanda ya fi kowa sabunta shi ke zama nan. Ya danne biyu da gwiwoyi, biyu da hannuwa, sauran biyun kuma ya bi su da addu'a.

Anti Kulsumu, ungozomarmu, ta leƙo daga kujerar tsakiya tana gyara mayafi. "Ɗiyata, ni shekara biyu na yi nan baya. Dubi damtsena. Ko sakwara kika kawo sai in daka miki."

"Anti, ƙarfe ya kamata ya yi aikin nan. A ba ni mako guda in haɗa wa jarkokin mazauni."

"Ki ji da kyau," in ji Malam. "Kujerar can ta mai riƙon jarka ce. Ba riƙo, ba kujera. Kuma motar ga ba tamu ba ce, aro aka ba mu. Ban yarda a huda ta ko da allura ba."

Na ɗauki jakata na sauka. Baba Aondona direba, wanda ya fi ni daɗewa a Kaura ko da yake daga Binuwai ya zo, ya tayar da mota yana girgiza kai. "Injiniya, sai mun dawo. A gaida kwalaye."

Da la'asar suka dawo. Sun ɗaure jarkokin da robar tsohuwar taya, robar ta tsinke tun kafin Kasuwar Daji, Anti Kulsumu ta koma baya ta riƙe. Ta sauko zaninta na ɗiga, ta wuce ni, sai da ta kai ƙofa ta juyo.

"Na gode miki, ɗiyata. Kin maida ni yarinya."

Washegari na shiga ƙarƙashin motar da fitilar wayata. Inda ya fi dacewa a huda, tankin mai ne a ƙasansa, ga kuma dokar Malam. Ramuka huɗu ne kaɗai masu ƙarfi a bayan motar kaf, kuma su ne waɗanda ƙusoshin 'yar kujerar nan ke ciki. Na daɗe a kwance ina kallonsu. In mazauni zai tsaya, to a kansu zai tsaya, kujera kuwa sai ta fita. Na fito na karkaɗe hijabina na nemi sifana mai lamba goma sha huɗu.

Ƙarfe ban sha wuyar samunsa ba, akwai tsofaffin gadajen asibiti jibge a bayan ofis. Na sa aka kai biyu shagon Muhtari mai walda, wanda ya yi karatu a zauren mahaifina.

"Ɗiyar malamina, mi za mu ƙera? Kejin kaji?"

Na shimfiɗa masa zanena. Gida shida, kowace jarka da nata. Na auna jarkar ofis sau uku, faɗi da tsawo da tsayi, na bar rata daidai kaurin ɗan yatsa don a liƙa roba.

Muhtari ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. "Kin matse su ƙwarai. Jarka fa kamar mutum take, wata tana da tumbi."

"Kamfani ɗaya ke yin su, Muhtari. Lita ashirin da biyar lita ashirin da biyar ce."

"To, ke kika yi boko."

Kwana uku muna kai. Ni ke awo da yanka, shi ke walda, don ya rantse ba zai bari tartsatsi ya taɓa hijabin ɗiyar malaminsa ba. Duk da haka ya taɓa. Masu babur da ke fakewa a inuwar shagon suka mayar da ni abin kallo, wani ma ya tambaya ko gadon aurena nake haɗawa da kaina. Na ce masa eh, kuma na fi shi iya ɗaure noti.

Da muka ɗaura mazaunin, jarkoki shida suka shige gidajensu cif. Baba Aondona ya kama ƙarfen ya jijjiga har motar ta yi rawa, ko ɗaya ba ta motsa ba. Malam ya dubi kujerar da na jingine a bango, ya dube ni.

"Ina za ki zauna?"

"A ƙasa, gefen tayar safaya. Tafiya ɗaya, in ga yadda yake aiki."

"Ɗaya," ya ce.

Ranar Talata muka kama hanyar Shinkafi. Akwai wuraren da Baba Aondona ba ya rage gudu komai munin rami, kowa ya san dalili, ba mai magana har sai an wuce. Jarkokina ko tari ba su yi ba. Na naɗe hannuwa a ƙirji yadda Anti za ta gani in ta waiwayo. Ta waiwayo sau biyu.

A ƙauyen farko matan unguwa suka zo suka sauke jarkokin shida, suka shige da su ɗakin shan magani. Muka yi aiki har azahar. Da za mu tashi sai ga su da wasu jarkoki shida marasa ruwa.

"Ina namu?" na tambaya.

"Ga su nan," in ji Anti Kulsumu. "Wa ke da lokacin juye ruwa? A bar masu cike, a ɗauki wofi, a cika a famfon Shinkafi, a wuce. Haka muke yi tun kina firamare."

Na dubi jarkokin. Biyu gajeru ne masu faɗi, irin waɗanda ke shigowa daga Nijar da man girki. Ɗaya rana ta kumbura ta har ta yi ciki. Ɗaya doguwa ce siririya. Cikin shida, ɗaya ce tak ta shiga gidanta, ita ma sai da na taka ta da ƙafa.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Baba Aondona ya duƙufa yana goge madubin da ba shi da datti.

Muka cika su a Shinkafi. Saura ƙauye na biyu, can bayan Badarawa, hanyar da ba kwalta ko taki ɗaya. Jarkoki biyar cike, ba mazauni, ba kujera, ga ƙarafan da na ƙera da hannuna sun cinye wurin da zan miƙe ƙafa. Na durƙusa a tsakaninsu na rungumi abin da zan iya runguma.

Awa ɗaya da rabi muka yi. Kowane rami sai jarka ta ɗaga ta dawo, ta matse ƙaurina da bakin ƙarfe. Murfin doguwar ya sassauta, ruwa ya riƙa bin hannuna yana gangarawa har cikin takalmi. Da muka tsallaka wani busasshen rafi kaina ya bugi rufin motar, na ciji harshe. Na haɗiye jinin, ban yarda ko "wash" ta fita daga bakina ba.

"Injiniya, in rage gudu?" Baba Aondona ya tambaya ta madubi.

"Taka motarka, Baba."

"Sannu da riƙo, ɗiyata," in ji Anti. "Ashe kin iya. Hannunki ma ya fi nawa kyau a kai."

"Ba umarni nake bi ba, Anti. Kuskurena nake riƙewa."

"To riƙe shi da kyau, kar ya zube."

Ko jarka ɗaya ba ta fashe ba. Da muka dawo Kaura sai da Anti ta kama ni na sauko, ƙafafuna sun ƙi miƙewa. Ta zaunar da ni a sito ta wanke mini ƙauri da ruwan gishiri tana tsaki. Malam ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Muhsina, kin yi ƙoƙari, na gani. Gobe a kwance ƙarfen nan a maida kujera. Wurinki na nan, duk tafiya da ke. Zurmi za mu ranar Alhamis."

Ina son tafiyar nan, Allah ya sani. A ranar na ga yadda Anti ke sa kunne a cikin mace ta faɗi kwanciyar ɗa, na ga famfon sola da ya lalace wanda na san zan iya gyarawa da sifana biyu. Amma ƙaurina na zafi, kuma na san bayan ni wata za a sa a wurin nan.

"A'a, Malam. A ƙara mini mako guda."

Ya gyara tabarau. "Taurin kan nan na gidanku ne, na san mahaifinki."

Na kwashe kwana biyu ina bin 'yan garuwa da tef ɗin awo. Na auna jarka talatin da ɗaya, na sami girma iri bakwai. Na koma wurin Muhtari da ɗingishi. Bai ce ya faɗa mini ba, sai dai ya shafa tumbinsa yana kallon sama.

Muka yanke gidajen shida muka bar faranti ɗaya mai faɗi da bango a gefe uku. A gefe na huɗu muka sa sandar ƙarfe mai tafiya a kan dogon ƙarfe mai zare irin na noti, in ka murɗa hannunta sai ta matso ta danne jarkokin, masu ciki da marasa ciki. Muka naɗe duk bakin ƙarfe da robar taya. Ta sama kuma bel mai ƙugiya ya ratsa ta cikin mariƙin kowace jarka. Na gwada da mafi munin jarkokin da na samu aro, Baba Aondona ya zagaya da su hanyar Sakajiki ya dawo, ko ɗigo babu a ƙasan motar.

"Wannan kam ya riƙe," ya ce. "Kuma ba ya gardama."

Wurin da ya rage a gefe aka cusa akwatin magani na biyu, wanda dā ake bari saboda rashin wuri. Ranar tafiya ni na murɗa sandar, na ja bel ɗin, na rufe ƙofar baya. Anti Kulsumu ta miƙo hannu ta taga ta ja kumatuna.

"Mi za a sawo miki a hanya, Injiniya?"

"Ku dai dawo mini da bel ɗina."

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Babu jarkar da ta fashe, babu wanda ya sake durƙusawa a bayan motar nan. Ni kuwa tun ranar Badarawa ban ƙara shiga cikinta ba, don babu inda zan zauna. Ina sito daga safe zuwa la'asar, da tabo biyu a ƙaurin hagu, kuma har yau ban ga Zurmi ba.