Kabula Sau Uku

Nyanzobe tana shanya ƙananan kifi a kan dutse aka zo aka gaya mata jirgin da ɗanta Masanja ya shiga ya kife a tafki. Tsibiri ya tafi ɗaukar hoton biki. Kafin ta buɗe baki, ƙanwarta Kabula, wadda ta taya ta renonsa, ta riga ta fasa ihu.

Da aka watse daga zaman makoki, abokan aikinsa suka kawo kayansa daga shago. A ciki akwai wani hoto mai tsawon gaba guda. Haka Masanja yake yi: ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa yana ɗauka, in an wanke ya jera su baki da baki ya manne. Tsakar gidansu ce kaf, da mangwaro da murhu da igiyar shanya. Kabula tana ciki sau uku. Ga ta tana tuƙa tuwon ugali, ga ta da bokiti, ga ta can tana dariya. Nyanzobe ta bi hoton da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ko gefen zanenta babu.

"Ni na haifa, ke aka ɗauka," in ji ta. "Har akuya ta samu wuri."

"Haba Yaya! Zirga-zirga nake yi, duk inda ya juya sai ya tarar da ni. Ke kuwa kina zaune kamar turmi."

"Turmin ma ga shi nan a ciki."

Kabula ta ƙura wa hoton ido. "To ina ƙofar ɗakinki? Ita ma babu. Ina kika zauna ran nan?"

Sai Nyanzobe ta tuna. A bakin ƙofar take, kan kujera 'yar tsugunne, tana tsince shinkafa. Masanja ya zo ta bayanta da kyamara ya kafa gwiwar hannuwansa a kafaɗunta don kada hannunsa ya yi rawa. "Mama, kar ki motsa." Har ta zage shi, ta ce shi ba yaro ba ne, ya yi mata nauyi.

Nyanzobe ta shafa kafaɗarta.

"Duk da haka uku ya yi yawa," ta ce.

Hoton yana bangon ɗakinta. Kowace safiya takan goge shi da bakin zane, mangwaro, murhu, akuya, Kabula biyu. Mai dariyar ce take tsallakewa.