Bugun da Ba a Rubuta Ba

Asger Bundgaard ya riga ya ɗora bakin biro a wurin sa hannu sai idonsa ya faɗa kan rami na goma sha huɗu. Huɗu aka rubuta. Shi kuwa ya san bugu biyar ya yi, kamar yadda ya san sunan uwarsa.

Ya ɗago kai a hankali. Villads Krogh na zaune a ɗaya gefen teburin, hular sanyi har kan gira, yana gatsar baƙin burodin da ya naɗo tun daga gida. A wasan ƙwallon golf mutum ba ya rubuta bugunsa da kansa. Abokin zagayensa ne ke riƙe masa kati, rami bayan rami, shi kuma ya duba a ƙarshe ya sa hannu. Mai ƙarancin bugu shi ke gaba, don haka wanda ya sa hannu a kan abin da bai kai bugunsa ba, aka gano, korarsa ake yi daga gasar ɗungurungum, ko da kuskuren na wani ne. Yau ce ranar ƙarshe, kuma mutum biyar kacal za a ba katin shiga sahun ƙwararru. Sauran su koma gida su jira baɗi.

Asger ba shi da baɗi. Shekararsa ashirin da uku, kuma ya yi wa babansa alkawari cewa in bana bai samu ba, zai jingine sandunan wasan ya karɓi aikin da aka yi masa hanya a masana'antar injinan samar da lantarki da iska. Da huɗu, shi ne na biyar. Da biyar kuwa sun yi kunnen doki da Villads, kuma dokar gasar ta ce wanda ya fi buga da kyau a ranar ƙarshe shi ke wucewa, wato Villads ɗin. To wane mahaukaci ne zai rubuta lambar da za ta fitar da shi da hannunsa? Ruwa ai ba ya tsami banza.

Ya san Villads, shi ya sa yake zargin tarko ne. A kulob ɗaya suka taso kusa da garin Holstebro, bas ɗaya suke shiga. Suna 'yan shekara goma sha uku Villads ya ƙirga sandunan jakar Asger ana tsakiyar gasa, ya samu sun wuce adadin da doka ta yarda da guda ɗaya, ya tafi ya faɗa wa alƙali a gaban kowa. Asger ya yi kuka a mota ranar. Mutanen yankinsu, yammacin Jutland, ba su iya faɗa da baki ba, sai su riƙe abu shekara goma suna gaisawa lafiya lau. Haka suka yi.

Abin da ya faru a rami na sha huɗu kuwa, iskar teku ce ta kwashi ƙwallon Asger ta jefa cikin doguwar ciyawa bayan wani tudun yashi. Ya gyara tsayuwa, ya kai sara da niyyar fito da ita, sandar ta wuce ta samanta ko taɓawa ba ta yi ba. Wannan bugu ne, ana ƙirga shi. Da ya waiga, sai ga Villads tsaye a kan tudun, hannu cikin aljihu, idonsa a kansa. Ya gani sarai. Yanzu kuma ya zo ya rubuta huɗu, yana cin burodinsa kamar wanda bai san komai ba, yana jira a sa hannu ya miƙe ya ce akwai magana.

Bodil, dattijuwar da ke karɓar katuna, ta ɗan ƙwanƙwasa tebur ta ce akwai mutane a bayansu, kuma kofinta na yin sanyi. Ta taga Asger ya hango babansa Ejnar tsaye da sandar dogarawa kusa da mota. Ya san akwai kek a bayan motar, an soka masa ƙananan tutoci, tsohon ya ɓoye shi tun safe wai don kada ya jawo rashin sa'a. Tsoro Asger ya ji, ba wani abu ba, tsoron a kore shi a kira shi macuci a gaban tsohon nan.

"Villads," ya ce, "biyar ne a sha huɗu."

Villads ya daina tauna. Ya jawo katin ya duba, ya ƙirga da yatsa, ya ce shi huɗu ya gani. Asger ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai ya san abin da ya gani, ya gyara kawai kowa ya kama gabansa. Villads ya tambaye shi ko ya tabbata. Wannan tambayar ta ƙara ƙular da Asger, don a kunnensa tarko ne ake sake ɗanawa. Ya ce ya tabbata. Aka soke huɗu aka rubuta biyar, su biyun suka sa hannu.

Bodil ta daɗe tana kallon Asger ta saman tabarau. Ta ce shekara talatin tana wannan aiki, sau biyu kawai ta ga irin haka. Kafin ya ɗauki jakarsa labari ya zaga, mutanen da bai sani ba suna ta miƙo masa hannu. Wani tsoho ya ce da irinsa ake alfahari. Asger ya riƙa gyaɗa kai, ransa a ɓace, amma can ƙasan zuciyarsa akwai ɗan sanyi: ya rasa katin ƙwararrun, i, amma bai faɗa ramin da aka haƙa masa ba.

A wurin wanke takalma Villads ya same shi. Fuskarsa ba ta wanda ya ci gasa ba ce. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu, ya ce bai san yadda zai gode ba, kuma har yanzu bai gane ina na biyar ɗin ya fito ba.

"Kai dai bar wasan nan," in ji Asger. "Kana kan tudu, kana kallona na kai sara na kuskure."

"Wannan?" Villads ya zura masa ido. "Na ɗauka gwaji kake yi. Kullum sai ka gwada sau ɗaya kafin ka buga, tun muna yara."

Gaskiya ne, Asger yana yi. Kuma tsakanin gwaji da bugun da aka kuskure babu abin da ido zai gani, niyya ce kawai, ita kuwa tana cikin mai sandar. Ko alƙalai goma ne a kan tudun, ba wanda zai iya cewa komai.

Villads ya ce shi kam da shi ne, bai san ko zai iya faɗin gaskiya haka ba, ya miƙo hannu. Asger ya karɓa. Ruwan famfo na ta zuba a kan takalminsa da ya riga ya fita tas, bai kashe ba sai da wani a bayansa ya tambaya ko ya gama.