Rubutun Fensir a Gefen Shafi

Shekara ashirin da uku ta yi tana aiki a laburaren unguwa, har sunanta na yanka ya ɓace, yara da manya kowa Anti Laburare yake ce mata. Ita ce ta fi kowa dagewa a kan a mayar da littattafan cikin kwamfuta, kuma tana da hujja. Rufin sito yana yoyo, gara ta cinye kantar littattafai har biyu, ɗalibai kuwa sun fi son abin da za su buɗe a waya suna kwance a gida. Ranar da hukuma ta aiko da na'urar ɗaukar hoton shafuka da ma'aikacinta, bakin Anti bai rufu ba har aka tashi.

Na'urar ba ta karɓar littafi a ɗinke. Sai an sa wuƙar inji an datse gindinsa, shafuka su rabu, sannan a zuba mata. In an gama a ɗura takardun a buhu, motar kamfanin sarrafa takarda ta kwashe a ƙarshen wata. Duk Litinin mai na'ura yakan kawo mata jerin littattafan da za a yanka ta sa hannu. Da farko tana bin jerin layi-layi. Da aiki ya yi yawa, sai ta koma leƙa shafin farko kawai.

Wata Laraba da safe wata mata sanye da kayan nas ta tsaya gaban teburinta. Bayan sun gaisa ta ce ita ce 'yar autar Malam, tsohon malamin tarihi na makarantar bayan asibiti. Anti ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Malam ne ya koyar da ita a aji uku, shi ya fara ba ta aron littafi, kuma da matarsa ta rasu shi ya kawo wa laburaren kwali shida na littattafansa, ya ce ganinsu a gida yana hana shi sakewa.

"Anti, Baba ne ya matsa min," in ji nas. "Akwai wani jan littafi na matafiyan teku. Shi da Mama suka karanta shi tare, suna ta musu a gefen shafi, shi da biro, ita da fensir. Idonsa ya yi rauni yanzu, so yake in karanta masa abin da ta rubuta. Aro kawai, sati ɗaya."

Anti ta buga sunan littafin a kwamfuta. Ga shi nan, an ɗauki hotonsa wata biyu da suka wuce. Ta san ma'anar haka. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "An kai shi gyaran bango. Ba ni lambarki, zan kira ki."

Nas na fita, Anti ta nufi sito. Buhu huɗu ne a jingine, duk na watan nan. Ta zazzage su ɗaya bayan ɗaya har ƙura ta shaƙe ta, babu ko shafi ɗaya na littafin. Ta dawo ta buɗe hotonsa, tana ce wa kanta ai rubutun yana nan, takardar kaɗai ta tafi. Rubutun Malam kuwa yana nan, baƙi wuluk a gefen shafuka. Ƙarƙashin kowane layi nasa, inda amsar matarsa ya kamata ta zauna, fari ne fat.

Ta kira mai na'ura ta nuna masa. Ya sunkuya ya duba, ya sosa ƙeya.

"Fensir ne, Anti. Duk abin da bai yi baƙi sosai ba na'urar datti take ɗaukarsa, ta goge. Ai ke kika ce a saita ta shafuka su fito fes."

Ba ƙarya ya yi ba. Ta tuna ranar, har yabonsa ta yi.

Sati biyu ta yi tana ɗauke da abin. Nas ta kira sau huɗu, duk lokacin da lambar ta fito sai Anti ta kifa wayar a kan tebur. Ta je har kamfanin takardar, mai gadi ya nuna mata dunƙulen takardu masu tsayin mutum biyu, ya ce na watan jiya ma an riga an narkar. A gida tana zuba abinci ta tashi ba ta ci rabi ba.

Ranar Asabar da yamma ta ɗauki ƙaramar kwamfutar hannu ta tafi gidan Malam. Ta same shi a kujerar roba a bakin ɗakinsa, ya rame, amma muryar tana nan. Da ta faɗi ko ita wace ce ya yi dariya.

"Mai zama a layin gaba tana cin farce. Kin daina?"

"Na daina, Malam."

Ta durƙusa ta faɗa masa komai, har da sa hannun da ta yi ba ta duba ba, har da ƙaryar gyaran bango. Nas tana tsaye a ƙofa da hannu a harɗe. Malam ya murza gwiwarsa.

"To buɗe min abin da ya rage," ya ce.

Ta buɗe, ta ƙara girman rubutun har kalma uku suka cika allon. Ya matso da fuskarsa. Rabonsa da karanta wani abu da kansa shekara biyu ke nan. A hankali ya karanta rubutun hannunsa: wannan mutum jarumi ne.

"A nan ƙasa ta rubuta, jarumi ko mai taurin kai irin naka." Ya yi murmushi. "Wuce gaba."

Ta wuce. Shafi na gaba ma ya tuna, wai matarsa ta ce in teku daɗi gare ta ya tafi, ita dai tana gida. A na uku ya ɗora yatsa a kan farin wurin, ya tsaya.

"Nan ta yi dogon bayani. Har ya zagaya kusurwa." Ya ɗauke yatsan. "Ya kuɓuce min."

Bai yi mata faɗa ba. Da za ta tafi ma har ya sa mata albarka, ya ce aikin da take yi yana da kyau, ta ci gaba, ga shi yau ya yi karatu. Anti ta ji da ma zaginta ya yi. Ta bar masa kwamfutar.

Nas ta rako ta har bakin titi.

"Littafin na yafe, Anti, kuskure ne. Amma sati biyu kullum da safe yana tambayata, ni kuma ina ce masa gobe. Da kin faɗa min tun ranar."

Anti ta gyaɗa kai ta kama hanyar gida.

Bayan wata guda wata maƙwabciyar su Malam ta kawo kwamfutar laburare, da 'yar takarda daga nas: ya tuna amsoshin Mama guda tara, mun rubuta su. Anti ta karanta a tsaye, ta ninke takardar ta sa a jaka. Littafin shafi ɗari uku da arba'in ne, kuma da wuya ka buɗe shafi biyu a jere ba ka ga biron Malam ba.