Ba A Karɓa Ba

Wata goma sha ɗaya Mama ta yi tana ja wa mutum ɗaya Allah ya isa, ba ta san fuskarsa ba balle sunansa. In ta idar da salla a zaune kan keken guragu sai ta ɗaga hannu ta ce duk wanda ya yi sanadin ƙafarta ba ta yafe masa ba, duniya da lahira. Mu kuma mu amsa da amin, ni ma na fi kowa ɗaga murya. A mako na shida da fara koyon aikin takardun inshorar lafiya na gane ashe ni ce mutumin.

Mama ta daɗe da ciwon suga. Bara wani ɗan miki ya fito mata a yatsan ƙafar hagu, ya ƙi warkewa. Likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe, akwai aikin da za a yi a buɗe ta, ko kwana uku ba za ta yi a gado ba. Tana da inshora ta wurin aikin marigayi Baba, amma aiki irin wannan sai kamfani ya amince tukuna. Ni ce babba a mata, ni ce kuma mai baki a gidan, don haka ni na cike fom ɗin, a tsaye, na dafa shi jikin bango, Mama na nishi a benci.

Bayan kwana biyar na koma tagar ofishin takardu na asibitin. Matar da ke wurin ta turo min amsa ta ƙarƙashin gilashi. A saman takardar an rubuta da manyan baƙaƙe: BA A KARƁA BA. Nan take idona ya rufe. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, ranar kuwa ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na kira su ɓarayi, na ce shekara talatin ana yankar albashin ubanmu, yau da buƙata ta zo sun juya mana baya. Baiwar Allah tana ta ɗaga hannu tana cewa in tsaya ta yi min bayani, na ce ta riƙe bayaninta ta dafa ta ci. Na fizgi takardar na fita, mutanen layi suna ba ni gaskiya.

A gida na ce da su kamfani ya ƙi. Ba wanda ya nemi ganin takardar, tunda ni na faɗa. Yaya, babban wanmu, ya shiga neman yadda za mu yi aikin da aljihunmu, muka yi ta wanke miki a gida muna jira. Mako bakwai aka ɗauka. Kafin abin ya haɗu yatsa ya yi baƙi, baƙin ya hau, wata safiya muka kwashe ta sai ɗakin gaggawa. A ƙasan gwiwa suka yanke. Abin haushi, yankan kam inshora ta biya ba gardama, muka ƙara tsine musu.

Mama ce ta matsa in shiga makarantar koyon aikin takardun inshora. Ta ce tunda kantin da nake aiki ya rufe, in je in koyi aikin mutanen nan, in san cikinsu, kada a sake yi wa wani abin da aka yi mata. Aji ne guda a bene na biyu, saman wani shagon gyaran waya, kwamfuta goma sha huɗu, uku ba sa tashi sai an roƙe su. Duk na girme wa 'yan ajin, Anti suke ce min. Malamarmu kuwa Jan Biro muke kiranta a bayan idonta, domin ko waƙafi ka manta sai ta zagaye shi da ja. Ba ta dariya, amma ta san aikinta. Ita ta koya mana cewa kowace cuta da lambarta, kowane aikin likita da tasa, ƙafar dama da ta hagu ba lamba ɗaya ba ce, zuwan farko da zuwan dubiya ma haka. Kaina ya sha wuya, amma ina so, don gani nake makamin yaƙi nake tarawa.

Wata ranar Talata ta shigo ta ja layi ta raba allo biyu. A dama ta rubuta AN ƘI, a hagu ta rubuta BA A KARƁA BA. Ta ce wanda bai bambance waɗannan biyun ba ya tattara ya koma gida tun yanzu. An ƙi, in ji ta, shi ne mutum ya karanta takardar, ya auna, ya ce a'a. Ba a karɓa ba kuwa ba wanda ma ya gan ta. Na'ura ce ta tsayar da ita a ƙofa saboda wani kuskure, harafi a suna, ko lambar kati, ko ranar haihuwa. Sai a duba 'yar lambar da ke ƙasa a ga dalili, a gyara, a sake turawa cikin kwana talatin. Ta sa muka haddace dalilan. Dalili na ashirin da bakwai shi ne bayanan mara lafiya ba su yi daidai da na katinsa ba.

Na ce wa kaina ai namu daban ne. Da na koma gida na jira Mama ta yi barcin rana, na buɗe jakar da take tara takardun asibiti. Ga takardar nan, har da lanƙwasar da na yi mata ranar da na fizge ta. A can ƙasa, kusa da hatimi, ga 27 ƙarama, kai ka ce ƙuda ne ya sauka. A bayanta an liƙa kwafin fom ɗin, da rubutuna. An haifi Mama ran huɗu ga watan tara. Fom ɗin wata yake nema a akwatin farko, rana a na biyu, ni kuma na rubuta yadda na saba, huɗu sannan tara. Na mayar da uwata haihuwar tara ga watan huɗu, wata mata daban da kamfani bai sani ba.

Washegari da aka tashi na tsaya na tambayi Jan Biro, na ce wata maƙwabciyarmu ce abin ya faru da ita. Na ce in takarda ta dawo da ashirin da bakwai, aikin kuma na buɗe jijiya ne ga mai ciwon suga, da an gyara za su amince? Ta ce irin wannan ba kasafai ake ƙi ba, in likita ya rubuta dalili. Na ce gyaran fa, zai ɗauki kwana nawa?

Ta ce, "Kwana? Minti biyar ne, Anti. Ai mai taga ma za ta gyara mata in ta tsaya."

Na sauko daga benen ina riƙe da ƙarfen matakala. A bakin titi na tsaya motoci suna wucewa, na rasa wadda zan shiga.

Mako uku na yi da abin nan a cikina. Na ci jarrabawar tsakiya, na zo ta biyu, aka ce za a tura ni wani asibiti in yi watan gwaji. A gida sai murna. Yaya ya ce yanzu mun samu namu a ciki, Auta ƙanwarmu tana tsokanata da Hajiya Inshora. Mama kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna ni, ta ce wannan ce ta tsaya mata, ita ta wanke su tas a asibiti har mutane suka taru. Sannan ta ce in na fara aiki in daure in binciko mata wanda ya sa hannu a takardarta, ba don komai ba, tana dai son ta san sunan da za ta riƙa ambata. In ta ɗaga hannu bayan salla sai in tsiri wanke-wanke in bar ɗakin. Wallahi tsoro nake ji, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, domin bakin uwa ne, kuma ni na san inda yake sauka.

Na yi tunanin in yaga takardar. Wa zai sani? Na ma ɗauke ta na sa a jakata kwana biyu, na mayar.

Ranar Asabar da la'asar, Yaya bai zo ba, Auta na tsakar gida tana shanya. Na kawo ruwan ɗumi a roba na durƙusa gaban Mama, na kwance bandejin dungulmin. Tun da aka sallamo ta ni kaɗai take yarda in taɓa wurin, ta ce hannun Auta rawa yake yi, na Yaya kuma nauyi. Na wanke, na tsane da tawul, na ɗebo mai a tafin hannu. Sai kawai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Mama, na samo mutumin."

Ta gyara zama. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Na yi mata bayanin layin da aka ja a allo, da akwatin wata da na rana, da matar da ke ɗaga hannu tana cewa in tsaya. Ban ɗago kai ba, dungulmin nake kallo, man yana narkewa a hannuna. Da na gama, ina jin ƙarar Auta tana kakkaɓe zani a waje.

Can ta ce, "Kwana nawa suka ba mu mu gyara?"

"Talatin."

"Mu kuma muna nan zaune."

"Muna nan, Mama."

Ta daɗe tana kallon inda ƙafar ya kamata ta kasance. Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi, har majina. Na so ta zage ni, ko ta ɗauki sandarta ta sauke min a baya, da na ji sauƙi. Sai ta ce kada Yaya ya ji wannan magana, ko bayan ranta, domin ta san halinsa, ba zai sake kallona ba. Ta ce kuma makarantar ban isa in bari ba.

Sannan ta ɗaga hannu biyu kamar yadda take yi bayan salla, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ya Allah, duk abin da na roƙa a kan mutumin nan na janye. Ban san 'yata ba ce. Na yafe mata."

Na kifa kaina a cinyarta. Ta bar ni na ɗan jima, amma ba ta dafa ni ba. Da na ɗago na share fuska, na miƙa hannu zan shafa mata man, sai ta ja dungulmin baya kaɗan, ta rufe shi da gefen zaninta.

Ta ce, "Bar shi haka. Kira min Auta ta ƙarasa."